Yadda ake adana wake da toka

A ƙauyukan Tawa, wanda ya sayar da wakensa da kaka shi ne zai koma ya saye shi da tsada da bazara. Ga yadda muke ajiye namu ba tare da kashe ko dala ba.

Da farko ki sheƙe waken, ki tsince masu huji. Ƙwaro tun daga gona yake zuba ƙwai, don haka kada ki jinkirta.

Shanya shi a rana kwana 3. Ciji ƙwaya ɗaya: in ta yi ƙas, ya bushe, in haƙori ya nutse, mayar da shi rana.

Sai toka. Ta murhu, wadda ta huce sarai, a tankaɗe a fid da gawayi. Tiya ɗaya ta wake, tiya ɗaya ta toka. Nan ne mutane ke yin rowa, waken ya lalace. Tokar ce ke cike tsakanin ƙwayoyin, ta hana ƙwaron motsi.

Gauraya, zuba cikin busasshiyar tukunyar ƙasa, danna da hannu, ki ƙara toka yatsa 3 a kai. Rufe da faifai ki liƙe da laka, ki ɗora kan duwatsu saboda sanyin ƙasa.

Duk sanda kika ɗiba, mayar da tokar saman. Wanke waken sosai kafin dahuwa.