Yadda na gyara matsalar ƙudan zuman da suka ƙi rikiɗa a Forestry

Na shafe mako guda a wasan Minecraft, cikin ƙarin Forestry mai kawo kiwon ƙudan zuma cikin wasan, ina haɗa gimbiya (macen ƙudan zuma da ke zama sarauniya) ta nau'in Forest da namiji na nau'in Meadows domin in samu nau'in Common, amma kullum 'ya'yan sai su fito irin iyayensu. Da farko na ɗora wa rashin sa'a laifi, tunda damar rikiɗar kashi 15 cikin ɗari ce kacal. Ashe matsalar daga amya take, domin Bee House da nake amfani da ita ba ta barin jinsi ya rikiɗa ko kaɗan. Da na ƙera wata irin amya mai suna Apiary na mayar da su ciki, a zuriya ta huɗu na dace. Yanzu kowane namiji sai na duba shi da Beealyzer, na'urar da ke nuna jinsin ƙudan zuma idan an sa mata ɗigon zuma guda, kafin in haɗa shi da gimbiya.