Yadda Ake Auna Matasan 'Yan Wasan Besbol Da Jera Su Daki-Daki

A zaɓen sababbin 'yan wasa na shekarar 2009, an kira sunaye 24 kafin ƙungiyar Los Angeles Angels ta ɗauki wani yaro ɗan garin Millville da ke jihar New Jersey, mai suna Mike Trout. Yaron ya zo ya lashe kyautar gwarzon gasarsa har sau uku, a 2014 da 2016 da 2019. Waɗanda suka tsallake shi ƙwararru ne da suka tsufa a sana'ar. Abin da ya rage masa daraja a idonsu shi ne ya fito daga yanki mai sanyi, inda kakar wasan makarantu gajera ce, ba a samu damar kallonsa sosai ba. Na fara da wannan ne don ka san nauyin aikin: auna yaron da bai gama girma ba, a faɗi abin da zai zama nan da shekara biyar. Ga hanyar da nake ganin ta fi rage kuskure.

Mataki na farko: shekarunsa da matakin da yake

Kafin ka kalli bidiyo ko ɗaya, nemi abu biyu: ranar haihuwar yaron, da gasar da yake bugawa. A Amurka, ƙarƙashin MLB, wato babbar gasar besbol, akwai tsani mai hawa-hawa. A ƙasa akwai gasannin 'yan koyo da ake yi a Arizona da Florida da Jamhuriyar Dominika, sai Single-A, sai High-A, sai Double-A, sannan Triple-A wanda daga shi sai babbar gasa. Kowace ɗaya daga ƙungiyoyi 30 na MLB tana da ƙananan ƙungiyoyinta a waɗannan matakai.

Ɗan shekara 19 da ke riƙe kansa a Double-A, ko da alƙalumansa matsakaita ne, ya fi ɗan shekara 24 da ke ragargazar kowa a Single-A. Na farko yana karawa da yayyensa, na biyu yana cin zalin ƙannensa. Wannan shi ne ma'aunin da na fi yarda da shi a duk harkar, kuma shi ne wanda sabon shiga ya fi saurin mantawa da zarar ya ga manyan lambobi. Juan Soto ya fara kakar 2018 a Single-A, kafin ƙarshen watan Mayu yana babbar gasa tare da Washington Nationals, yana ɗan shekara 19. Duk wanda ya kula da shekarunsa tun farko bai sha mamaki sosai ba.

Sai dai ka tabbata shekarun na gaskiya ne. Mu da muka saba da rigimar rage shekaru a ƙwallon ƙafa ba sai an yi mana dogon bayani ba. A 2006 Nationals ta biya dala miliyan 1.4 don ɗaukar wani matashi ɗan Dominika da aka sani da Esmailyn González, ana ɗaukarsa ɗan shekara 16. A 2009 ta bayyana cewa sunansa daban ne, kuma ya girmi shekarun da ya faɗa da huɗu. Rana ɗaya darajarsa ta zube, alhali hannunsa da ƙafarsa ba su canza ba.

Mataki na biyu: koyi ma'aunin 20 zuwa 80

Masu farautar 'yan wasa ba sa cewa "yaron nan ya iya" su yi shiru. Maki suke bayarwa daga 20 zuwa 80, tsarin da ake dangantawa da Branch Rickey, shugaban ƙungiyar da ya kawo Jackie Robinson babbar gasa a 1947. Maki 50 shi ne matsakaicin ɗan wasan MLB, ba matsakaicin yaran da ake kallo ba, ka riƙe wannan da kyau. Maki 60 ya wuce matsakaici, 70 fitacce ne, 80 kuwa sai ɗaiɗaiku a duniya. Maki 40 ƙasa da matsakaici ne amma ana iya zama da shi.

Ga mai bugu, baiwa biyar ake ba wa maki: iya haɗa gora da ƙwallo, ƙarfin bugu, gudu, tsaron fili, da ƙarfin hannu wajen jifa. Kowace baiwa maki biyu ake rubuta mata, na yau da na gobe. Idan ka ga 30/55, ana nufin yau yaron yana 30, ana sa ran zai kai 55. Duk gardamar sana'ar tana cikin tazarar da ke tsakanin lambobin nan biyu.

Mataki na uku: fara da abin da agogo zai faɗa maka

Gudu ya fi komai sauƙin aunawa, don haka da shi za ka koyi hannu. Buɗe agogon daƙiƙa na wayarka. Danna shi daidai lokacin da ka ji ƙarar gora ta haɗu da ƙwallo, kau!, ka tsayar da shi lokacin da ƙafar yaron ta taka zangon farko, wato wurin farko da mai bugu ke rugawa bayan ya buga, tazarar ƙafa 90. Mai bugu da dama da ya yi daƙiƙa 4.3 matsakaici ne, maki 50. Idan ya yi 4.0 ya kai 80. Bahago ana rage masa kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, saboda inda yake tsayawa ya fi kusa da zangon. Ka auna sau da yawa, ka zubar da waɗanda bai yi gudu da gaske ba.

Mai cafkar ƙwallo da ke tsugune a bayan mai bugu shi ma da agogo ake gwada shi: daga shigar ƙwallo safar hannunsa zuwa isarta zango na biyu, daƙiƙa 2.0 ne matsakaici. Ƙarfin bugu kuwa na'ura ce ke faɗa yanzu. Tun da tsarin Statcast mai auna motsin ƙwallo ya shiga filayen MLB a 2015, ƙwallon da ta bar gora da gudun mil 95 a awa, wato kusan kilomita 153, ita ake kira bugu mai ƙarfi.

Mataki na huɗu: ido da haƙurin mai bugu

A nan za ka daɗe, domin a nan ake faɗuwa. Gudu da ƙarfi ana ganinsu daga nesa. Iya bugu kuwa ɓoyayye ne, kuma shi ne baiwar da idan babu ita sauran huɗun ba za su hana a mayar da yaro gida ba.

Lambobi biyu za ka fara dubawa. Na farko, sau nawa ake korarsa da kuskure uku ba tare da ya sa ƙwallo cikin fili ba. Na biyu, sau nawa yake samun tafiyar kyauta zuwa zangon farko saboda ya ƙi kai wa munanan jifa huɗu bugu. A babbar gasa ta yanzu, ana korar matsakaicin mai bugu kusan sau 22 cikin zuwa 100, yana samun tafiyar kyauta kusan sau 8. Yaron da ake kora sau 30 cikin 100 tun yana Single-A, ina gudun abin da zai same shi idan ya haɗu da masu jifar Double-A, waɗanda suka iya lanƙwasa ƙwallo su ajiye ta inda suka ga dama.

Labarin Brandon Wood ya ishi darasi. A 2005 ya fitar da ƙwallo bayan katanga sau 43 a Rancho Cucamonga, a matakin High-A, aka ɗora shi cikin manyan matasa na sahun gaba a duk ƙasar. Amma a kakar nan an kore shi sama da sau 120, kuma gasar California da yake ciki sananniya ce wajen kumbura alƙaluman masu bugu. Da ya iso babbar gasa, matsakaicin bugunsa ya tsaya a .186, wato nasara 186 cikin gwaji 1,000, can ƙasa da abin da ake karɓa. Alamar tana nan tun farko, hasken 43 ɗin nan ne ya kashe wa mutane ido.

Saboda haka kada ka ɗauki lamba ba tare da tambayar filin da aka yi ta ba. Albuquerque da Reno da Salt Lake garuruwa ne masu tudu, iskarsu ba ta da kauri, ƙwallo tana tafiya nesa. Gasar jihar Florida kuwa ta fi yi wa masu jifa daɗi. Bugun bayan katanga 15 a can na iya fin 25 a Albuquerque daraja.

Bayan lambobi, zauna ka kalli zuwansa bugu guda goma a jere, ba gutsuren da aka tsinto mafi kyau aka watsa ba. Ga abin da nake sa wa ido. An yi masa kuskure biyu, saura ɗaya a kore shi. Mai jifa ya sako ƙwallon da ta taho kamar za ta bi tsakiya, a ƙarshe ta zame ta faɗi ƙasa ta waje. Yaro na gari za ka ga hannuwansa sun motsa kaɗan, ƙafarsa ta gaba ta sauka, sai ya danne kansa, gorar ba ta fita ba. Wannan dannewar ta ƙiftawar ido ta fi mini bugun bayan katanga biyar. Wanda kuwa ya watsa gora ya bi ƙwallon har cikin ƙura, ya sake haka a zuwa na gaba, to duk masu jifar gasar za su ji labarinsa cikin mako guda.

Kuma kada ƙirar jiki ta yanke maka hukunci. José Altuve tsawonsa ƙafa 5 da inci 6 ne. A wurin gwajin Houston Astros a Benezuwela an sallame shi saboda ƙanƙanta, ya dawo washegari, aka ɗauke shi a 2007 kan dala 15,000. A 2017 shi ne gwarzon gasarsa.

Mataki na biyar: wurin da zai tsare

Tambaya ɗaya ce: idan ya cika ya yi nauyi, zai iya ci gaba da tsaron wurin da yake yau? Mai cafka, da mai tsaron tsakanin zango na biyu da na uku, da mai tsaron tsakiyar filin waje, su ne wurare masu wuya, kuma ana yafe musu raunin bugu. Wanda makomarsa zangon farko ce dole gorarsa ta yi magana da ƙarfi. Idan yara biyu sun yi kunnen doki a bugu, ɗora mai wurin wuya a sama.

Mataki na shida: masu jifa

Kowane irin jifa makinsa daban. Jifa mai gudu a babbar gasa yanzu tana kaiwa kusan mil 94 a awa a matsakaici. Amma gudu kaɗai ba ya wadatarwa. Duba ko yana da jifa mai lanƙwasa da ake kai wa bugu a rasa, ko yana da jifar yaudara mai sanyi da zai yi wa masu bugun da hannunsu ya saɓa da nasa, sannan ko yana iya saka ƙwallo inda mai cafka ya ajiye safarsa. Mai jifa iri uku da saiti shi ke fara wasa ya yi zagaye shida cikin zagaye tara na wasa. Mai iri biyu da ba shi da saiti yawanci ƙarshensa zagaye ɗaya a ƙarshen wasa, darajarsa kuma ta ragu sosai.

Ni dai ina rage wa kowane mai jifa matsayi kaɗan, komai kyansa, saboda gwiwar hannu da kafaɗa. Tiyatar gyaran jijiyar gwiwar hannu da likita Frank Jobe ya fara yi wa Tommy John a 1974 ta ceci sana'ar mutane da yawa, amma tana cin shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi kafin a dawo. Kafaɗa ta fi muni. Brien Taylor shi ne na ɗaya a zaɓen 1991, New York Yankees ta ɗauke shi, ya ji rauni a kafaɗa a ƙarshen 1993, bai taɓa taka babbar gasa ba. Akwai irin Paul Skenes, da aka ɗauka na ɗaya a 2023 ya zama gwarzon sababbin 'yan wasa a 2024, sai dai ba a gina lissafi a kan irinsa.

Mataki na bakwai: jera su

Yanzu ba kowane yaro maki ɗaya na gaba ɗaya a kan ma'aunin nan na 20 zuwa 80. Maki 50 na nufin zai zama ɗan wasan yau da kullum a MLB, 60 na nufin zai riƙa shiga wasan taurari jefi-jefi, 40 ɗan benci ne. Kusa da makin rubuta girman haɗarin: ƙarami, matsakaici, ko babba. Ɗan shekara 16 da aka ɗauka daga Dominika ranar 15 ga Janairu, lokacin da ake buɗe kasuwar 'yan ƙasashen waje, haɗarinsa babba ne ko nawa aka biya shi.

Tara su rukuni-rukuni kafin ka sa lamba. Tsakanin na 1 da na 10 akwai rata mai faɗi, amma tsakanin na 60 da na 90 kusan babu komai, kada ka ɓata dare a kai. Kada kuma zagayen da aka zaɓi yaro ya ɗaure ka bayan shekara biyu: Albert Pujols a zagaye na 13 aka ɗauke shi a 1999, Mike Piazza a zagaye na 62 a 1988. Sai ka gama naka jerin tukuna ka buɗe na mujallar Baseball America, wadda ke fitar da jerin matasa 100 tun 1990, ko na shafin intanet na FanGraphs. Inda kuka saɓa sosai, koma ka sake kallon yaron, ka rubuta dalilinka a layi ɗaya.

Sabunta jerin sau biyu a shekara, kafin kaka da tsakiyarta. Wanda ya wuce gwajin bugu 130, ko zagayen jifa 50, ko kwana 45 cikin jerin 'yan wasan babbar gasa, ya fita daga sahun matasa, cire shi. Wanda kuwa ya hau ya yi tuntuɓe a makonnin farko, kada ka yi gaggawar sauke shi. Jackson Holliday ya samu nasara 2 kacal cikin gwaji 34 a watan Afrilun 2024, Baltimore Orioles ta mayar da shi Triple-A, yana ɗan shekara 20. Trout kansa .220 ya buga a wasanni 40 na farko a 2011. Idan ka ga haka, koma mataki na farko ka sake duba ranar haihuwarsa, sannan ka kalli zuwansa bugu goma na baya-bayan nan kafin ka taɓa makinsa.