Yadda ake koyar da yara da taswirar darasi

Toh malamai ƴan uwana na Agege da Idi-Araba, har da masu lesin ɗin yamma, ga wata dabara da nake amfani da ita a aji, turawa na ce mata konsef map, ni dai taswirar darasi nake ce mata, wato zane ne na kalmomin darasi a cikin akwatuna da kibiyoyi suna haɗa su. Wani malami Joseph Novak ne ya fito da ita a jami'ar Cornell ta Amurka a 1972, ya ɗora ta kan maganar wani masanin yadda ake koyo, David Ausubel, cewa sabon ilimi baya zama a kai sai ya samu wani tsoho da zai rataya a jikinsa.

Da tambaya ɗaya za ka fara, kar ka rubuta sunan darasi kawai a allo. Ni a ajin ikonomiks na SS2 cewa nayi, me yasa tumatir ke tsada a Mile 12? Nan take aji ya ɗau zafi don rabinsu iyayensu a kasuwar suke. Sai ka bar su su jefo kalmomi kana rubutawa a gefen allo, damina, kuɗin mota, man fetur, ruɓewa a hanya, yawan masu saye, ƙarancin kaya, kamar 15 zuwa 25 sun isa. Babbar kalma, wato farashi, ta hau sama a cikin akwati, ƙananan su biyo ƙasa.

Yanzu ga inda aikin yake, kuma nan ne mafi yawanmu muke kwafsawa. Duk kibiyar da aka ja tsakanin akwati biyu dole a rubuta mata magana a kai, yana jawo, yana rage, ya dogara da, ta yadda in ka karanta akwati da kibiya da akwati za ta fita jimla cikakkiya, misali tsadar man fetur tana ƙara kuɗin mota, kuɗin mota yana ɗaga farashi. Yaron da ya ja layi ya kasa sa masa kalma wallahi bai gane ba, ko da ya haddace ma'anar a littafi tsaf, kuma gara ka gano haka yanzu da a gano shi a WAEC. Wata yarinya ta taɓa rubuta mani wai tsada ce ke jawo damina, aka yi ta dariya amma a nan na gane kibiyar ce ta juya mata, minti biyu muka gyara.

In an gama sai ka tambaye su ko akwai akwatin wannan ɓangare da ke da alaƙa da na can, kamar ruwan sama da lalacewar hanya da ruɓewar kaya. Wanda ya hango irin wannan da kansa ka ƙara masa maki.

Ba sai da kwamfuta ba, akwai manhajar zana irin wannan taswira mai suna CmapTools kyauta amma da wutar nan tamu alli da yankakkun kwali sun fi, don ana iya matsar da su. Kar ka zana musu naka su kwafa dan Allah, raba su huɗu huɗu kowane rukuni ya yi nasa, bayan sati biyu su sake zanawa ba tare da duba na farko ba sai ka jera biyun ka gani.