Darasi na Shida: Ƙara Saurin Gudu Daga Tsakar Gida

Saurin gudu daga ƙarfin da ƙafa take tura ƙasa da shi yake fitowa. Ƙafar gwanin tsere ba ta daɗewa a ƙasa: a kowane taku, kusan kashi ɗaya ne cikin goma na daƙiƙa. Da irin wannan taku Benjamin Azamati, ɗan Ghana, ya gama mita 100 cikin daƙiƙa 9.90 a Amurka a 2022. Ɗan'uwa, ba sai ka je filin wasa na Baba Yara da ke Kumasi kullum ba kafin ƙafarka ta yi ƙarfi. Tsakar gidan haya a Aboabo ko Asawase ta ishe ka. Tanadi gawayi, tabarma, gwangwanin Milo 2, takalmin kambas, da jarkar nan mai ruwan ɗorawa da ake kira galan Kufuor.

Fara da ɗumama jiki na minti 10. Yi sassarfa a wuri ɗaya, ka riƙa ɗaga gwiwa, sannan ka lilo kowace ƙafa gaba da baya sau 10. Idan zufa ta tsatso, ka shirya.

Aikin zafin nama shi ne na farko, tun jiki bai gaji ba. Zana tsani a ƙasa da gawayi, gida 10, kowane gida santimita 45. Ratsa shi a kan gaban tafin ƙafa, ƙafa ɗaya a kowane gida, sau 4. Sake ratsawa da ƙafa biyu a kowane gida, sannan a kaikaice. Kai a ɗage, hannuwa suna aiki tamkar kana tsere. Idan ka fara taka zanen, gajiya ta shigo. Huta minti 1. Sai ka jera gwangwanayen da tazarar mita 5, ka ruga ka taɓa ɗaya, ka juyo ka taɓa ɗayan, sau 5.

Sai aikin ƙarfi. Zuba ruwa lita 5 a jarka, kilo 5 ke nan. Rungume ta a ƙirji, ka tsuguna kamar za ka zauna a kujera 'yar tsugunno, ka miƙe da ƙarfi. Yi sau 10, zagaye 3. Dunduniya kada ta bar ƙasa. Ka lura da gwiwoyinka sosai: idan suna karkatowa ciki suna neman haɗuwa, galibi tsokar mazaunai ce ba ta da ƙarfi, kuma nauyin zai koma kan gwiwa. Rage ruwan har ka gyara. Idan ya yi maka sauƙi, ƙara lita 2.

Bayan cinya ne inda masu gudu suka fi jin rauni, don haka kada ka tsallake wannan. Durƙusa a kan tabarma, ka sa tsumma mai kauri ƙarƙashin gwiwa. Wani ya danne maka idon sawu da hannu biyu. Jikinka a miƙe daga gwiwa har kafaɗa, ka riƙa sulalowa gaba a hankali, kana riƙe kanka da bayan cinya. Inda ka kasa riƙewa, tare ƙasa da tafin hannu, ka tunkuɗo kanka sama. Kuskuren da aka fi yi shi ne lanƙwasa ƙugu ana turo mazaunai baya. Da an yi haka, aikin ya bar cinya. A makon farko sau 4 kacal, zagaye 2. Washegari za ka ji tsamin jiki, wannan ba komai. Amma idan ka ji suka mai kaifi a wuri ɗaya, dakata, ka je asibiti a duba ka.

Ƙarasa da sharaɓa: tsaya a bakin dakali, ka ɗaga dunduniya sama, ka sauke a hankali, sau 15.

Ka yi duk waɗannan ayyukan sau biyu a mako, misali Litinin da Alhamis, domin tsoka tana bukatar aƙalla awa 48 ta farfaɗo. Kada ka yi tsani inda aka zubar da ruwan wanki, santsi zai jawo maka targaɗe. Yawan dira a kan siminti kuma yana sa ciwon ƙwauri. A watan azumi, bari sai bayan buɗa baki.

Ranar Asabar nemi filin makaranta mai ƙasa. Auna mita 30, ka ruga da iya ƙarfinka sau 5, da hutun minti 3 a tsakani. Wanda ya rage hutun, juriya yake koya wa jikinsa, saurinsa ba zai ƙaru ba.

Aikin rubutu: abokinka ya ɗauki lokacinka na mita 30 da agogon waya. Rubuta kwanan wata da daƙiƙun a littafinka. Bayan mako 4 ku sake aunawa a fili ɗaya, da takalmi ɗaya.