Yadda nake ɗaukar hira da dattawa don fodkas, wato shirin sauti da ake saurare ta intanet

Mu Hausawa ba ma barin mutum ya yi magana shi kaɗai. Yana cikin bayani muna "haka ne", "ƙwarai", "ikon Allah". A zaure ladabi ne, amma a rikoda ɓarna ce, domin muryarka za ta hau kan tasa, kuma ranar tacewa babu yadda za ka raba su. Don haka abin da nake fara koya wa duk yaron da ya biyo ni aiki shi ne gyaɗa kai. Ka dube shi, ka gyaɗa, ka kame bakinka. In ya yi shiru kada ka yi saurin jefa wata tambaya. Ka ƙirga biyar a zuciyarka. Sau da yawa maganar da ka zo nema tana bayan wannan shirun.

Kada ka fito da makirfo kafin a gama gaisuwa. A tambayi gida da iyali, a sha ruwa. Sannan ka faɗi inda za a saka hirar da waɗanda za su ji ta, ka ɗauki amincewarsa da bakinsa a farkon faifan.

Tambayar da amsarta "eh" ko "a'a" ce ba ta haifar da labari. Maimakon "Baba, kun sha wahala lokacin fari?" sai ka ce "Baba, me kuke ci a gidanku a shekarar?" Nan za ka ji ganyen da aka dafa da dabbar da aka sayar. Kuma kada ka matsa wa tsoho da lissafin shekara, yawancinsu da abin da ya faru suke auna lokaci. Ni nakan riƙe wasu a kaina: komawa tuƙi hannun dama a Najeriya a 1972, canjin kuɗi daga fam zuwa naira a 1973. In na ce "kafin canjin kuɗi ne ko bayansa?" nan take ake ba ni amsa, wani lokacin har da labarin da ban tambaya ba.

In da tsohuwa kake hira, ka tuna da alkunya. Wata ba za ta ambaci sunan mijinta ko ɗanta na fari ba, kuma bai kamata ka tilasta mata ba. Ka tambayi jikarta daga baya, ka faɗi sunan da bakinka a gabatarwa.

Batun sauti kuwa ba ya son dogon bayani. Makirfo ya tsaya kamar taƙi ɗaya daga baki, kuma kai za ka riƙe, kada ka miƙa masa. A kashe fanka, a nisanci janareto, ɗaki mai katifa da labule ya fi falo mai tayil. In da waya kake ɗauka ka rufe layi don kada kira ya shigo. Ka sa iyafis a kunne, ka duba lokacin kiran sallah kafin ka tsayar da alkawari; ni na fi son hantsi. Kafin ka tashi ka ɗauki shirun ɗakin na minti ɗaya, da shi za ka cike gurbi idan kana yanka a manhajar tace sauti ta Audacity.

Tambayata ta ƙarshe kullum ita ce: "Baba, wa kuma ya kamata in je in gani a kan wannan maganar?"