Darasi na 9: Fari, taɓo da mutuwar barewa a Amurka

'Yan uwa ɗalibai, iyayenmu maza da mata, yau karatunmu zai kai mu nesa, amma ku bi ni a hankali don abin da ke ciki ya shafi duk mai kai dabba mashaya. A karanta da ƙarfi, inda kalma ta yi wuya a tsaya a maimaita, ba gudu muke ba.

A Amurka akwai wata barewa mai farar wutsiya, tana da yawa sosai a dazukansu har cikin gonaki take shiga. To duk shekarar da aka yi fari sai maharba su fara tsintar mushenta a bakin rafi da tafki, wata ma kanta na cikin ruwan. Wanda ya gani zai ce ƙishirwa ce ta kashe ta, to ina ƙishirwa ga dabbar da ta mutu bakinta cikin ruwa? Cuta ce. Likitocin dabbobi na kiranta EHD, ƙwayar bairas ce da ke lalata jijiyoyin jini har jini ya riƙa tsiyaya a cikin jiki, kuma a 1955 aka fara gane ta a jihar Niyu Jasi.

Barewa ba ta shafa wa 'yar uwarta kai tsaye. Wani ɗan mitsitsin ƙwaro ne ke ɗauka, bai kai sauro girma ba, da kyar ma ido ke ganinsa, ya ciji mai ciwo ya je ya ciji mai lafiya, ya fi fitowa da magariba da kuma asuba. Shi kuma wannan ƙwaron a taɓo yake ƙwai. Nan ne fa zancen yake. Ku tuna yadda kududdufin bayan gari yake idan ruwa ya fara janyewa, bakinsa duk laka mai ɗumi, sawun kofato ya lotsa ciki, kowane sawu da ɗan ruwa kore a kwance ga kashin dabbobi ya cakuɗe da shi, rana na duka. Wallahi wannan wurin shi ne gidan haihuwar ƙwaron. Fari yana ƙara faɗin wannan lakar, sannan yana busar da sauran mashaya har ya zamana duk barewar dajin wuri ɗaya za su taru su sha, kun ga an kawo wa ƙwaro abinci har ƙofar ɗaki kenan.

Bayan cizon da kamar mako guda sai zazzaɓi mai zafi ya rufe ta, kai da wuya da harshe su kumbura, miyau na dalala, ta daina tsoron mutum, za ka zo dab da ita tana tsaye tana kallonka. Zafin jikin ne ke kora ta ruwa. Da yawa ba sa wuce kwana ɗaya ko biyu daga nan. Wadda ta tsira kuma sau da yawa za a ga kofatonta ya tsattsage ko yana saɓulewa. Abin da ban tausayi gaskiya, dabba ba ta da bakin faɗin inda ke mata ciwo.

A 2012 an yi mummunan fari a Amurka, a jihar Mishigan kaɗai an kai rahoton mushe kusan 15,000, banda waɗanda suka mutu can cikin ƙungurmin daji ba wanda ya gani. Cutar ta fi tashi daga Agusta zuwa Oktoba, kuma ba magani ne ke tsayar da ita ba, wa zai bi barewa daji da allura? Sanyi ne, ranar da raɓa ta fara daskarewa ƙwaron ya mutu, sai abin ya lafa. Mutum dai ba ta kama shi.

Kar wani ya ce to mu ina ruwanmu. Shanu ma tana taɓa su, ko da yake ba ta cika kashe su ba, a 2022 ta ɓulla a shanun Italiya da Sifaniya. Irin wannan ƙwaron akwai shi a ƙasarmu, shi ne ma ke yaɗa wata 'yar uwar cutar da ke kumbura wa tumaki baki da harshe. Don haka idan kwamin ruwanku na yoyo har ƙasan ya zama caɓi, a gyara shi, a zuba yashi ko tsakuwa wurin ya bushe, a kwashe taki daga kusa da ruwa. Dabbar da ta kumbura fuska tana miyau a kira malamin dabbobi, kar a yi saurin sa mata wuƙa a kai kasuwa. Maharbi kuma in ya tarar da namun daji sun mutu da yawa a bakin ruwa ya sanar da ma'aikatan gandun daji, kar ya bar karnuka su ja.

Aikin gida: kowa ya je mashayar da ta fi kusa da shi da yamma, ya duba bakin ruwan da kyau, ya rubuta mana jimla 3 kan abin da idonsa ya gani, da kalmomin nan a ciki: fari, taɓo, kofato. Wanda hannunsa bai faɗa ba tukuna ya zo da bayanin a baki, za mu rubuta tare a allo.