Babi na 4: Barin tsohuwar sana'a a koma kitso, har a kai ga buɗe shago

Toh 'yan uwa, wannan babin naku ne, ku da kuke da wata sana'a a hannu amma zuciya na kan kitso. Mai tuyar awara a Agege, mai ɗinki a Idi-Araba, wadda take sammako daga Obalende zuwa aikatau a gidajen Ikoyi, duk ku matso. Ki ɗora yatsa ƙarƙashin layi ki bi a hankali, inda ya shige miki duhu ki ce ɗanki ya karanta miki, babu kunya a neman ilimi.

Darasi na 1: Kar ki ajiye ta hannunki tukuna

Kar ki saki reshe ki kama ganye. Legas ce fa, mai gida baya jiran ki ƙware kafin ya karɓi haya, kwandastan danfo ma baya ɗaga ƙafa. Ki ci gaba da sana'arki da safe, da yamma ki je koyo, Asabar da Lahadi ki kama kan yaran maƙwabta ko kyauta ne dan hannu ya faɗa. Nasan da yawanku kun iya shuku da zane da kalaba tun a gida, madalla, amma kwastomar Legas ba Bahaushiya kaɗai bace, akwai Bayarabiya akwai 'yar Ibo, wata wankin kai ya kawota, wata sitimin, wato turara gashi da tururi, wata rilaksa, man da ke miƙar da gashi. Ke kuma kina da abinda wasu basu dashi, lalle ja da baƙi, dilka, halawa, amare na nema. Maganar ƙarin gashi kuwa akwai hadisin da ya hana, ki samu malaminki ki tambaya tun yanzu, ki san abinda zaki yi da wanda bazaki yi ba, kar sai mace ta zauna ta cire ɗankwali ki fara kame-kame.

Darasi na 2: Koyo a wurin madam

A nan garin koyon sana'a da yarjejeniya ake yi. Za a faɗa miki kuɗin koyo da tsawon lokaci, wata madam wata shida, wata shekara ko fiye, in kin gama ayi miki firidom, wato bikin yaye, a baki takarda. Duk abinda aka faɗa ki ce a rubuta. Kar ki dangwala yatsa sai an karanta miki da ƙarfi, gaban mijinki ko yayanki, har da abinda zaki kawo ranar firidom ɗin dan a nan ake samun rigima. Farko shara da tsifa da wanke mataji zaki yi ta yi, ki daure, kowa ta nan ta bi.

Darasi na 3: Littafin shago

Nan ki gyara zama. Na ga mata masu hannu mai kyau, tsaga kamar da rula, kwastomomi har layi, amma shago ya rufe, in ka tambaya ina kuɗin suka tafi sai a ce wallahi ban sani ba. Ba asiri bane, rashin rubutu ne.

Ki sayi littafi sabo mai ganye 60, da biro shuɗi, da ja, da rula. Littafi nace, ba bayan kwalin sabulu ba. Buɗe shafin farko. Ɗora rula a tsaye ki ja layi daga sama har ƙasa, ki matsa ki ja na biyu, ki matsa ki ja na uku. Ƙirga gidajen da suka fito, huɗu ne ko? Yauwa. Mu da muka yi makarantar allo mun saba farawa ta dama, a nan ta hagu ake farawa.

Gida na 1 kwanan wata. Gida na 2 sunan wadda ta zo, in baki san sunanta ba ki sa yadda kike kiranta. Gida na 3 aikin da kika yi. Gida na 4 kuɗi. Ga misali:

5/3, Maman 'yan biyu, wankin kai da shuku, 3,000

5/3 na nufin 5 ga watan 3, wato Maris. Rana ce a farko, wata na binta.

Yaushe zaki rubuta? Kafin ta fita. Kin gama kitso, kin shafa mai, ta miƙo kuɗi, ki goge hannu ki ɗauki biro tana ɗaura ɗankwali kina rubutawa. Ba anjima ba, ba bayan la'asar ba, ba in yara sunyi barci ba. Kafin ta fita. In rubutunki a hankali yake ba komai, ta jira, ai ta zauna awa biyu ana mata kitso. In harafin ya karkace shima ba komai, ke zaki karanta abinki, kuma da haka hannu ke sabawa.

Sai sifili, wanda shine yake kada mutane. Ɗari biyar 500, sifili biyu. Dubu biyar 5,000, sifili uku. Faɗi da bakinki: ɗari sifili biyu, dubu sifili uku. Sake faɗi. In kin rubuta ki ɗora bakin biro kan kowane sifili ki ƙirga, ɗaya, biyu, uku. Kika manta guda ɗaya, dubu biyar ta koma ɗari biyar, da daddare lissafi ya ƙi fita ki hau zargin yarinyar shago da sata alhali baiwar Allah bata ɗauki komai ba.

Wadda tace ta tura ta waya, kar ki yarda da hoton da ta nuna miki. Ki duba taki wayar, ki ga alat, wato saƙon banki, ki buɗe ki tabbatar kuɗin sun ƙaru, sannan ki rubuta ki sa harafin T a gefe. Kafin ta fita.

Bashi da jan biro. Ko ƙanwar mijinki ce, ko aminiyarki ce, jan biro. Ranar da ta biya ki ja layi a kai.

Shafin da ke kallon wannan na kuɗin da suka fita ne, shima gida huɗu. Shamfu, man janareto, jarka biyu wurin mai ruwa, kuɗin shara, duk ki sa. Kin zari 1,000 kinyi cefane? Rubuta. Yaro yazo kin bashi 200 na biskit? Rubuta.

Haba jama'a, duk ajin da na koyar da wannan sai an ce min an gane, sati na zagayowa a kawo min littafi fari fes, wai Malama aiki yayi yawa, wai ai yana kaina. Wane kai? Kan da ke ɗauke da kuɗin makaranta da haya da abinda za a dafa? Kuna da lokacin kallon TikTok amma layi ɗaya ya gagara. Ku ji tsoron Allah ku tausaya wa kanku. Wadda bazata rubuta ba gara ta zauna kan awararta, na faɗa.

Aikin gida: ki rubuta kwastomomi biyar na ƙarya a littafinki, biyu da ɗari, uku da dubu, ɗaya a ciki bashi. Ki ƙirga sifili. Ki kawo min.

Darasi na 4: Tsafta

Reza ɗaya mutum ɗaya, ki buɗe sabuwa gaban idonta, dan ciwon hanta da ƙanjamau na bin jini. Mataji da tsinken kitso a wanke bayan kowane kai, tawul a shanya a rana. Rilaksa na ƙona fata, kar ki sa wa mai ƙurji ko wadda ta sosa kai, ki sa safar hannu, ki bi mintunan da aka rubuta a jikin robar, ki wanke da shamfun da ke kashe ƙarfinta. Kar ki ja gashin goshi da ƙarfi, yana cinye gaban kai.

Darasi na 5: Shago da kaya

Fara daga ƙofar ɗakinki ko bin amare gida. In zaki kama shago ki tambayi haya, da na ejen wato dillali, da na agrimen wato takardar yarjejeniya, da ko akwai bashin wuta a mita. Kaya akwai a kasuwannin Balogun da Trade Fair, ki haɗu da wata ku sara tare. Madubi, kujera biyu, draya ɗaya, sun isa. Shiga adashi. Abinda kika sayo ki rubuta.

Darasi na 6: Rajista

Sunan shago a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ake rajistarsa. Ki yi katin LASRRA na mazauna Legas. Akwai asusun LSETF da gwamnatin jiha ta kafa a 2016 mai bada rance ga ƙananan sana'o'i, mai son bayani ta same ni bayan an tashi daga aji, ta zo da littafinta.